Muhawarar da ake yi a makarantunmu ta koma hadda

Makonni uku da suka wuce, wata makarantar sakandare mai zaman kanta a nan cikin garin Bauchi ta gayyace ni in zama ɗaya daga cikin alƙalai uku na gasar muhawara da ta shirya a ranar bikin ba da kyaututtuka. An kafa rumfa a filin makarantar, iyaye sun cika kujerun roba, mu kuma aka ajiye mana tebur da ruwan gora da takardar saka maki. Batun da aka ba yaran shi ne wanda duk wanda ya taɓa zama a kan bencin makaranta a ƙasar nan ya sani: tsakanin likita da manomi, wane ne ya fi amfani ga al'umma.

Yarinyar da ta fara magana ta cinye kusan minti ɗaya cikin ukun da aka ba ta wajen jero gaisuwa da Turanci, daga shugaban taro zuwa alƙalai, zuwa mai kula da lokaci, zuwa abokan karawa da 'yan kallo. Daga nan ta shiga zuba kamar an kunce famfo. A tsakiyar jawabin sai wata kalma ta kuɓuce mata, ta yi tsuru-tsuru, ta ɗaga kai tana kallon rufin rumfa kamar ɗalibin allo da aya ta ɓace masa. Can gefe na hangi malaminta yana motsa leɓe yana tuna mata. Da abin ya ƙi, sai ta koma farkon sakin layin ta sake ɗaukowa, iyaye kuma suka rufe ta da tafi.

Yaron da ke kare manomi ya miƙe ya ce abokiyar karawarsa ta kira manoma jahilai, kuma zai nuna mata kuskurenta. Ni da nake zaune da biro a hannu na san yarinyar ba ta faɗi haka ba, ba ta ma yi kusa da faɗa ba. An rubuta masa martanin ne tun mako guda kafin ya ji abin da zai mayar wa martani.

Bayan kwana huɗu, ɗan wana da ke karatu a jami'a ya kira ni ɗakinsu a Yelwa, ya ce, "Baffa, tunda ka ce muhawara ta ɓata maka rai, zo ka ga yadda ake yin ta gaske." Shi da abokansa biyar suka kunna mini fim ɗin The Great Debaters a kwamfuta. Da aka zo jawabin ƙarshe ɗakin ya kaure da sowa, ɗaya daga cikinsu ya dafe kai ya ce, "Kai! Wannan shi ne Turanci!" Wannan kalma tasa ta fi ta ranar gasar ci mini rai, domin ta nuna mini cewa daga ɗan sakandare har ɗan jami'a abu ɗaya muka koya musu su yaba, wato zaƙin murya da santsin harshe.

Matsayina shi ne: abin da muke kira muhawara a yawancin makarantunmu hadda ce da malami ya rubuta, yaro ya haddace, iyaye suka tafa. Ya kamata a daina ta, a dawo da muhawarar da mutum zai saurari abokin karawarsa ya ba shi amsa nan take, a kan batutuwan da suka shafi rayuwar yaran, kuma a buɗe ƙofa a riƙa yin ta da Hausa kamar yadda ake yi da Turanci.

Abin da fim ɗin ya nuna, da abin da ya rufe

Fim ɗin ya fito ne a 2007, Denzel Washington ne ya ba da umarni, kuma shi ya fito a matsayin Melvin Tolson, malamin da ya horar da 'yan muhawarar kwalejin Wiley, wata ƙaramar kwalejin baƙar fata a garin Marshall na jihar Texas a Amurka. Labarin ya faru ne a 1935, zamanin da doka ta raba baƙar fata da farare a makaranta da mota da wurin cin abinci a kudancin ƙasar, kuma ana iya rataye baƙar fata a bishiya ba tare da an hukunta kowa ba. Ɗaya daga cikin ɗaliban, James Farmer ƙarami, yana ɗan shekara 14 ya shiga kwalejin, kuma shi ne daga baya ya zama cikin jagororin gwagwarmayar 'yancin baƙar fata a Amurka.

Wurin da ya fi jan hankalina a fim ɗin samarin nan ba su ko kula da shi ba. Lokacin da ɗaliban suka isa jami'ar Harvard domin karawar ƙarshe, ba tare da malaminsu ba, masu shirya gasar sun gano cewa Tolson ne ke rubuta musu hujjojinsu. Sai aka canza batun, aka ba su kwana biyu su shirya da kansu. Nan hankalinsu ya tashi, suka yi faɗa a tsakaninsu, sannan kowa ya koma ya tono abin da ya gani da idonsa a hanya da abin da ya karanta, ya ɗinka hujjarsa. Ashe ciwon da na gani a ƙarƙashin rumfa a Bauchi shi ne fim ɗin ya sa wa yatsa, ya kuma nuna cewa yaro ba ya zama mai muhawara sai ran da aka ƙwace masa takardar malam.

Amma fim fim ne, yana da nasa shunin. A tarihi ba Harvard ɗaliban Wiley suka kayar ba, jami'ar Kudancin California ce, wadda ke riƙe da kambun ƙasa a lokacin. An sauya sunan ne domin Harvard ta fi amo a kunne. Ko bayan nasarar ma ba a bar su sun kira kansu zakarun ƙasa ba, saboda ƙungiyar da ke kula da gasar ba ta karɓar baƙar fata a wancan lokaci.

Babban abin da fim ɗin ya rufe kuwa shi ne wannan: a kowace karawa da aka nuna, ɓangaren da mai kallo ya riga ya yarda da shi ne yake faɗowa hannun taurarin. Ba a taɓa nuna su suna gumi wajen kare abin da zuciyarsu ba ta so ba. A muhawara ta gaskiya ƙuri'a ce ke raba ɓangare, kuma rabin amfaninta yana cikin ranar da ta faɗo maka a inda ba ka so.

Bauchi ba baƙuwar wannan abu ba ce

Da na ce wa samarin nan garin da suke zaune ya taɓa yin irin wannan zaure, sai suka dube ni kamar mai ba da tatsuniya. A farkon shekarun 1940, lokacin da Malam Aminu Kano yake koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi tare da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, Malam Sa'adu Zungur kuma ya dawo gida, an kafa wani zauren tattaunawa a garin nan inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki, da jami'an Turawa suke zama a ɗauko batu a baje shi. Sun tattauna har a kan tsarin da Turawa suke mulki da shi ta hannun sarakuna, a zamanin da furta irin wannan magana a fili kan iya raba mutum da aikinsa. Masu rubuta tarihin Malam Aminu sun kawo cewa tambayar da ya yi a kan yadda ake yanke albashin sarki tana cikin abin da ya jawo aka rufe zauren.

Mutanen nan uku ba ra'ayinsu ɗaya ba. Malam Abubakar mai bi a sannu ne, yana ganin gyara daga ciki ya fi, Malam Sa'adu da Malam Aminu kuwa masu zafi ne. Daga baya ma siyasa ta raba su, Malam Abubakar ya bi jam'iyyar NPC, sauran suka tsaya a ɓangaren jam'iyyar NEPU. Duk da haka a ɗaki ɗaya suka goge harshensu, kowa yana jin hujjar ɗan'uwansa daga bakinsa. Ban yi mamaki ba da Malam Abubakar ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna a 1950 ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul, ko da duniya ta zo tana yi masa laƙabi da mai muryar zinare. Muryar baiwa ce daga Allah, amma iya jera hujja a gaban wanda ba ya son jin ta abu ne da ake koya, kuma a garin nan ya yi wani ɓangare na koyon. Shi kansa sunan shahararriyar waƙar Malam Sa'adu, Arewa Jamhuriya ko Mulukiya, in ka duba da kyau batun muhawara ne aka ɗora a kan baitoci.

Yau muna da jami'a mai sunan Tafawa Ɓalewa, muna da wata mai sunan Sa'adu Zungur, kabarin Firayim Minista yana nan cikin gari ana kai 'yan makaranta ziyara. Abin da ya yi su ne muka bari ya mutu. In da masu shirya finafinan Hausa suna neman labarin ɗalibai da malamai da mahukunta wanda ba sai an aro daga Texas ba, ga shi nan a ƙofar gida, amma wannan zance ne na wata rana.

"Za ku koya wa yara fitsara"

Wannan ita ce suka ta farko da nake ji, kuma daga bakin mutanen da nake girmamawa take fitowa. Wani dattijo a majalisarmu ya ce mini, "Malam, yaran yanzu da ba a koya musu musu ba ma yaya aka ƙare da su, balle a buɗe musu aji?"

Na fahimci tsoronsa, sai dai ina ganin ya kama maganar ta wutsiya. Yaran sun riga sun iya musu. Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a Wunti daren da aka buga wasan ƙwallon Turai ya san haka, haka ma duk wanda ya buɗe Facebook ya karanta abin da ake rubutawa a ƙarƙashin maganar wani malami ko ɗan siyasa. Abin da ba su iya ba shi ne ladabin musu. Ba su iya yin shiru na minti bakwai wani yana rushe abin da suka gina ba. Ba su iya raba mutum da maganarsa ba, shi ya sa da zarar hujja ta ƙare sai a koma kan uwa da uba da asali.

Muhawara mai ƙa'ida wannan ladabin take koyarwa. Akwai lokacin da aka yanka maka, akwai alƙalin da zai rage maka maki in ka zagi mutum, akwai dokar cewa in kana son katse mai magana sai ka miƙe ka nemi izini, in ya hana ka ka koma ka zauna. A ƙarshe kuma a ce an kayar da kai a gaban jama'a, ka miƙa hannu ka gaisa da wanda ya kayar da kai. Ban san wani darasi a jadawalin makaranta da yake horar da haƙuri kamar wannan ba.

Batun addini

Suka ta biyu ta fi nauyi. Ana kawo hadisin da ya yi alkawarin gida a Aljanna ga wanda ya bar jayayya ko da shi ne mai gaskiya, a ce to me ya kai mu koya wa yara jayayya. Hadisin sananne ne, kuma ba ni da ja a kansa. Amma Alƙur'anin da muke karantawa, a Suratun Nahli aya ta 125, ya yi umarni da a yi jayayya da mutane ta hanyar da ta fi kyau. Ya ba mu labarin yadda Annabi Ibrahim, Alaihis Salam, ya ƙure sarkin da ya yi da'awar rayarwa da kashewa da hujjar fitowar rana daga gabas. Akwai sura sukutum da aka sa wa sunan matar da ta zo tana jayayya da Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, a kan al'amarin mijinta. Malamai sun daɗe da bambanta musun son kai, wanda ake yi don a nuna an fi wani, da munazarar neman gaskiya, har suka ware mata fanni mai ladubbansa da littattafansa.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Borno a kan halaccin yaƙar Borno. Magana ce ta jini da rayuka, ba ta likita da manomi ba. Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne Bello ya kwafo maganganun Alkanemi ya sa a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, da zafinsu da komai, sannan ya bi su yana ba da amsa. Bai ƙirƙiro wa abokin jayayyarsa maganar da bai faɗa ba domin ya ji daɗin rushe ta. Yaron nan mai kare manomi, wanda aka rubuta wa martanin maganar da ba a yi ba, an koya masa kishiyar wannan tarbiyya ce, kuma malaminsa ne ya koya masa.

Kare abin da ba ka yarda da shi ba

Wata malamar makaranta ta ce mini abin da ke damunta shi ne a sa yaro ya tsaya yana kare ra'ayin da bai yarda da shi ba, domin a ganinta wannan koyar da ƙarya ne da baki biyu. Wannan sukar tana da ƙanshin gaskiya, domin akwai mutanen da muhawara ta mayar 'yan ci da baki, waɗanda za su iya sayar maka da baƙi a matsayin fari, kuma mun ga irinsu a siyasa da gidajen rediyo.

Amma ƙarya ita ce ka yaudari wanda bai san kana yaudararsa ba. A zauren muhawara kowa ya san ƙuri'a ce ta ba ka wannan ɓangare, kamar yadda kowa ya san ɗan wasan kwaikwayon da ya fito a ɓarawo ba ɓarawo ba ne. Ribar kuwa babba ce. A ɗauki yaron da ya tashi a cikin gari, wanda duk abin da ya sani game da makiyayi shi ne ya cinye gonar wani, a ce masa gobe shi zai kare hakkin makiyayi a kan burtali da mashaya. Dole ya je ya tambaya, dole ya gano cewa hanyar da shanu ke bi tun kakanni yanzu an nome ta. Sannan a ɗauki ɗan rugar da ya samu shiga makaranta a ce ya kare manomin da ya ci bashin taki ya wayi gari shanu sun kwana a masararsa. Ba lallai ne ɗayansu ya canza ra'ayi ba, amma daga ranar zai yi wuya ya ɗauka cewa duk wanda ke wancan ɓangaren mahaukaci ne ko mugu.

A gasar muhawara ta jami'o'in duniya, ana sanar da batu ne minti 15 kacal kafin a fara, ƙungiyoyi huɗu na mutum biyu-biyu su kara, kowane mai magana yana da minti bakwai. Ba wanda ya zaɓi ɓangarensa, kuma ba malamin da zai rubuta maka komai cikin minti 15. Abin da ka karanta a baya da kunnen da ka saurara da shi su ne jarinka. Ba na cewa ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare zai iya wannan, amma ana iya ba shi awa ɗaya da takarda fara a ɗakin da malami ba ya ciki.

Harshe

A nan ne na san zan sha suka. Masu makarantu za su ce muhawara ita ce hanyar da yara ke koyon Turanci, kuma Turanci ne WAEC da NECO da JAMB suke tambaya, shi ne kuma abin da iyaye ke biyan kuɗi su ji a bakin 'ya'yansu. Ban raina Turanci ba, da shi nake cin abinci, kuma duk wanda ya ce wa ɗan talaka ya yi watsi da shi bai so shi da arziki ba.

Tambayata ita ce: wane Turanci yarinyar nan ta koya? Ta haddace kalmomin da ba ta san ma'anarsu ba, shi ya sa da ɗaya ta faɗi duk ginin ya rushe. Wanda ya fahimci abin da yake faɗa, in kalma ta ɓace masa sai ya ɗauko 'yar'uwarta ya wuce. Mun haɗa wa yaro kaya biyu a lokaci ɗaya, koyon tunani da koyon baƙon harshe, da ya kasa ɗauka sai muka sauke masa tunanin muka bar masa harshen, shi ma ɓawonsa kawai.

Abin da nake nema a raba kayan. A yi gasar Turanci, a kuma yi gasar Hausa mai daraja ɗaya da kyauta ɗaya, ba wadda za a tura ƙarshen taro lokacin da manyan baƙi suka tashi ba. Yaron da ya koyi yadda ake kafa hujja, a kawo mata misali, a hango inda za a soke ta, duk da harshen da yake mafarki da shi, zai ɗauki wannan ƙwarewar ya shiga da ita Turanci ran da Turancinsa ya nuna. Larabawa suna shirya gasar muhawara ta ƙasa da ƙasa da Larabci a Ƙatar, masu jin Sifaniyanci suna da tasu ta duniya, ba wanda ya ce sun ci baya. Mu da muke da harshen da BBC da DW da RFI suke watsa shirye-shirye da shi kullum, mu ne muke jin kunyar a ji ɗanmu yana kafa hujja da shi a gaban baƙi.

Na san jihar Bauchi ba ta Hausawa kaɗai ba ce, akwai Fulani da Jarawa da Sayawa da Gerawa da Bolawa da wasu da yawa. Amma a kasuwar Muda Lawal da tashar mota da filin ƙwallo, da wane harshe waɗannan yara suke ciniki da faɗa da sulhu? In wata makaranta a wani yanki ta ga wani harshen ya fi dacewa da ɗalibanta, hujjata tana tare da ita.

Tsoron rikici da kukan rashin kuɗi

Shugabannin makarantu suna zaɓar likita da manomi ne saboda ba wanda zai yi fushi. Ina ba su uzuri, domin wanda ya san tarihin garin nan ya san yadda magana ɗaya a makaranta take iya zama wutar da za ta ci unguwa. Ni ma ban yarda a ɗora aƙidar wani ko addininsa a kan teburin gasa ba. Amma tsakanin wannan da likita da manomi akwai fili mai faɗi. Shin a miƙa gandun dajin Yankari ga 'yan kasuwa su gudanar da shi? Man da aka ƙaddamar da haƙowa a Kolmani a 2022, a kan iyakar Bauchi da Gombe, wa ya fi cancanta ya fara amfana da shi? Cire tallafin man fetur da aka yi a 2023 ya dace ko bai dace ba? A ƙayyade kayan lefe da doka? A hana ɗalibai riƙe waya? Duk yaron da ya biya kuɗin Keke Napep da safe kafin ya iso makaranta yana da abin faɗa a kan tallafin mai, kuma ba sai an rubuta masa ba.

Masu cewa makarantar da ba ta da benci da alli ba ta da lokacin muhawara kuwa, amsarsu gajeriya ce. Ɗakin gwaje-gwaje yana son kuɗi, kwamfuta tana son wuta, muhawara kuwa inuwar bishiya da agogon waya da malami ɗaya mai son abin sun ishe ta. Abin da zai ci wa makaranta shi ne kwalliyar ranar biki, domin yaron da yake tunani a tsaye zai yi in'ina, zai maimaita kansa, ba zai yi santsin mai hadda ba, kuma wasu iyayen za su ga kamar kuɗinsu bai yi aiki ba. Wannan ne ainihin abin da ake gudu, a ganina.

Laifin bai tsaya kan malamai ba, har da mu alƙalai. Takardar makin da aka ba ni ranar tana da gurbin tsafta da shiga, da gurbin ƙarfin murya, da gurbin lafazi, da gurbin kiyaye lokaci. Babu gurbi ko ɗaya na amsa hujjar abokin karawa. Na cike ta yadda aka tsara ta, na sa hannu, ɓangaren manomi ya yi nasara da maki uku.

Bayan an tashi ina haɗa takarduna, sai ga yarinyar nan da kalma ta kuɓuce wa ta zo ta ɗan rusuna ta ce, "Malam, don Allah ina da tambaya." Da Hausa ta yi maganar, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce ta yarda ta manta layi, kuma daidai ne a rage mata maki a kan haka. Amma shi abokin karawarta ya jingina mata maganar da ba ta faɗa ba a gaban mahaifinta, wanda shi kansa manomi ne, to wanne ya fi girma tsakanin mantuwa da ƙage? Na ce mata takardar da aka ba mu ba ta da wurin hukunta wannan. Ta ce to in haka ne takardar ce ba ta da adalci, kuma tunda an kira mu alƙalai, ai alƙali ba ya ganin zalunci ya ce takarda ce ta hana shi magana. Na ce mata shi ma yaron ba laifinsa ba ne, rubuta masa aka yi. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce ita ma rubuta mata aka yi, amma da aka zo rage maki ba a rage wa malaminta ba, ita aka rage wa.

Ban sami amsar da zan ba ta ba. Malaminta ya hango mu ya taho da sauri yana ba ni haƙuri, ya ce mata, "Ke, ba a musu da manya," ya kama hannunta suka tafi wajen ɗaukar hoto.